Kwana Biyu a Dublin

Ranar da biza ta fito, Khalida ba ta kira mahaifiyarta a waya ba. Ta rufe shagon ɗinkinta na unguwar Rusaifa a Makka tun kafin la'asar, ta hau mota zuwa unguwar Ka'akiyya don ta faɗa mata baki da baki.

Ta tarar da Inna Yalwa zaune a ƙasa a ɗakinta na saman bene, tana tsinke zogale a faranti. Da ƙuruciyarta ta zo aikin hajji daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, ita da mijinta, suka zauna ba su koma ba. Mijin ya rasu, an binne shi a Makka. Ita kuwa har gobe ba ta da takardar zama, shi ya sa ba ta wuce masallacin unguwa da bakin layi.

'Ya'ya biyu suka rayu mata. Khalida ta auri Sa'ud, ɗan wani gidan Hausawa da suka daɗe da zama 'yan ƙasa, ta hanyarsa ta samu takardu. 'Yarsu ɗaya, Shahad, shi ya sa ake ce masa Abu Shahad, ita kuma Ummu Shahad. Ƙaninta Mahadi bai samu komai ba. A Makka aka haife shi, a Makka ya yi wayo, amma shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka yi kamen marasa takarda, aka ɗauke shi daga garejin da yake gyaran motoci, aka sauke shi a Kano da silifas a ƙafa, garin da bai taɓa gani ba. Zaman bai yiwu ba. Ya bi ta hamada, ya bi ta ruwa, bayan shekara biyu ya kira daga wata ƙasa mai suna Ireland, wadda mutanen Makka ke ce wa Irlanda.

"Inna, an ba ni," in ji Khalida. "Kamfaninsu Abu Shahad za su tura shi taro Dublin, babban birnin Irlanda, Alhamis da Juma'a. Ya ƙara mana Asabar da Lahadi. Kwana biyu cur ina tare da Mahadi."

Inna Yalwa ta ture farantin.

"Ki duba mini idanunshi, ɗiyata. Murya kaɗai nika ji, kullum ya ce kyamara ta lalace. Kuma ki tambaye shi ranar zuwa. Rana nika so, ba wata ba."

Maganar zuwan ta daɗe a gidan. Shekara biyu ke nan da Mahadi ya samu fasfon ƙasar, ya kira yana ihu a waya, ya ce azumi mai zuwa zai zo umra. Azumin ya zo, ya ce aiki ya riƙe shi. Inna ta karɓi uzurin, ta koma jiran na gaba.

Ta haɗa masa dabino, da daddawa da ta naɗe a leda uku don kada ta dami mutanen jirgi, da farar jallabiya da ta sa Khalida ta ɗinka a kan tsohon awonsa.

Safiyar Asabar a Dublin ana yayyafi mai laushi, irin wanda ba ka jin saukarsa sai ka ga ka jiƙe. Khalida tana zaune a falon otal tana kallon ƙofa. Wani ramammen mutum ya shigo da baƙar rigar ruwa da hular sanyi, furfura ta cinye rabin gemunsa. Sai da ya ce "Yaya" sannan ta gane shi. Shekarunsa talatin da biyar.

Ta rungume shi, ta ji ƙasusuwan kafaɗarsa ta cikin riga. Ta fara kuka, shi kuwa ya fara dariya yana bubbuga bayanta.

"Halas, ya isa haka, Yaya. Ba mu da lokacin kuka, na tsara muku komai. Yau gari, gobe teku. Abu Shahad, ahlan! Ka yi ƙiba, wallahi."

Ya ciro takarda daga aljihu, ya rubuta wurare da lokutansu a jere. Ya karɓi ledar saƙon Inna, ya leƙa ciki sau ɗaya, ya cusa ta a jakar bayansa.

Suka hau bas mai hawa biyu wadda samanta a buɗe yake. Mahadi bai bar bakinsa ya huta ba. Ya nuna musu kogin da ya raba garin biyu, da wata siririyar gada fara da a da sai ka biya kafin ka tsallaka. Ya nuna musu gidajen jan bulo masu ƙofofi kala-kala, ja da shuɗi da rawaya. Ya kai su tsohuwar jami'a, suka bi layi suka shiga wani dogon zauren littattafai mai ƙanshin tsohon katako. Ya san shekarar gina komai. Duk lokacin da Khalida ta buɗe baki ta ce "Inna ta ce," sai ya ɗaga hannu ya nuna wani gini.

A bakin kogi suka sauka wurin wasu mutum-mutumi na tagulla: mutane dogaye, ramammu, da tsummokara a jiki, suna tafiya, ɗaya ya saɓo yaro a kafaɗa.

"Yunwa aka yi a nan da can," in ji Mahadi. "Dankalinsu ya ruɓe a gona. Wanda bai mutu ba ya hau jirgin ruwa. Shi ya sa rabin waƙoƙinsu na wanda ya tafi bai dawo ba ne. Ku tsaya nan in ɗauke ku hoto."

Khalida ta ce a'a, shi za a ɗauka. Ya tsaya kusa da ita, ya ja hularsa ƙasa, ya yi murmushi bakinsa a rufe.

Bayan azahar ya ce saura wuri ɗaya, inda duk baƙon da ya zo garin sai ya shiga. Suka bi wani lungu mai daɓen duwatsu, ya tsaya a ƙofar wani gida mai koren fenti, da tukwanen furanni rataye a sama. Ko daga waje ana jin kiɗa da warin abin da ake sha.

Sa'ud ya ja baya. "Mashaya ce wannan, Mahadi."

"A nan nake aiki. A kicin. Shekara shida."

Mutanen gida kuwa ce musu ya yi a gidan abinci yake aiki. Sa'ud ya dubi matarsa, ya dubi ƙofar.

"Ni ga shagon shayi can a tsallake," ya ce. "Ummu Shahad, ke kika san abin da ya kawo ki. Ina jiranki."

Khalida ta gyara mayafinta ta bi ƙaninta. Ciki ba yadda ta zata ba ne. Akwai duhu-duhu da ɗumi, wuta na ci a murhu, wasu iyali suna cin kifi da soyayyen dankali da 'ya'yansu. A kusurwa mutum huɗu sun kewaye tebur suna kiɗa, biyu da goge irin nasu, ɗaya da sarewa, wata yarinya da ganga mai faɗi kamar faifai tana bugunta da guntun icce. Ba wanda ya kalle ta sau biyu. Ko'ina ana kiran ƙaninta da wani suna, "Madi, Madi," ana dafa kafaɗarsa.

Ya zaunar da ita, ya tafi kicin ya kawo mata abinci. Kafin ya dawo wata dattijuwa mai gajeren farin gashi ta zo ta zauna a kujerarsa, ta ce sunanta Nora, ita ce mai gidan. Ta kama hannun Khalida da hannu biyu ta yi ta magana a hankali. Turancin Khalida na makaranta ne, mafi yawa ya wuce ta. Amma ta gane matar tana cewa ɗan'uwanta mutumin kirki ne, kuma ba shi da lafiya tun bara. Sannan ta ji kalmar da ba ta bukatar fassara, har sau biyu: Jidda.

Mahadi ya dawo da faranti da lemo. Yana zama, mutumin da ke bayan kanta ya ajiye masa dogon kofi na baƙar giya mai farin kumfa a sama, ba tare da an tambaye shi ba, kamar yadda ake ajiye wa mai gida butarsa. Mahadi ya ture kofin gefe da sauri.

"Me ya faru a Jidda?" in ji Khalida.

Ya kalli inda Nora ta tafi. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Sai yanzu ta ga idanunsa sosai, jajaye ne, kuma fararen sun soma yin rawaya.

"Na zo, Yaya."

"Ka zo ina?"

"Bara. Goma ga azumi. Ban faɗa wa kowa ba, so nake in buga ƙofa kawai ta buɗe ta gan ni. Tun a jirgi na sa harami." Masu kiɗa suka canja waƙa. "A filin jirgin Jidda na miƙa fasfo, jami'in ya yi mini maraba da Turanci, na amsa masa da Larabcin unguwarmu, har ya yi dariya. Sai ya ce in ɗora yatsa. Ina ɗorawa na ga fuskarsa ta canja. Hoton yatsun da suka ɗauka ranar da aka kama ni yana nan. Kin tuna na yi tsalle daga motar, suka sake kama ni? An rubuta. Ya ce hanin shiga ƙasar da aka yi mini ba shi da ranar ƙarewa. Bai wulakanta ni ba, wallahi. Da aka kira magariba shi ya kawo mini dabino da ruwa."

"Sai me?"

"Sai na zauna a wani ɗaki awa goma sha huɗu da harami a jikina. Ina lissafawa, daga nan zuwa Ka'akiyya awa ɗaya da 'yan mintoci ne a mota. Wayata tana hannuna. Inna ma ta kira ni a lokacin, ta tambaye ni da me na sha ruwa. Na ce mata ina wurin aiki." Ya jawo kofin gabansa. "Na nemi lauya, na bi ta masu shirya umra har biyu. Amsa ɗaya ce."

Ya ɗaga kofin ya sha a gabanta, ya sha sosai. Khalida ta kawar da kai. A kusurwa wani tsoho ya rufe ido ya fara waƙa shi kaɗai ba kiɗa, gidan duka ya yi tsit ana saurarensa. Ba ta ji kalma ko ɗaya ba. Ta zauna har ya gama, kifin ya huce a gabanta.

Ranar Lahadi ya ce zai zo ƙarfe tara. Bai zo ba sai ɗaya saura, fuskarsa a kumbure, yana tauna cingam. Sa'ud ya miƙa masa kofin shayi. Suka hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙauyen masunta a bakin teku, suka bi wata hanya da ta hau tudu. Iska tana neman ɗauke mayafin Khalida. Ƙasa can ruwa ne launin toka har iyakar gani. Yau Mahadi bai bayyana komai ba.

Sa'ud ya yi gaba da gangan ya bar su.

"Akwai hanya ɗaya," in ji Khalida. "Mun yi maganarta jiya da Abu Shahad. Idan Inna ta miƙa kanta, za a mayar da ita Najeriya. Mu kama mata gida a Sakkwato. Kai kana da fasfo, ka je ka gan ta duk lokacin da ka so."

"Kuma ba za ta sake ganin Makka ba."

"Za ta gan ka."

"Ta bar kabarin Baba, ta bar Harami, ta bar ki da Shahad, tana da shekara saba'in, ta je garin da duk wanda ta sani ya mutu. Don ta ga wannan?" Ya nuna kansa daga sama har ƙasa. Ya juya yana kallon ruwa. Can ya ce, da wata ƙaramar murya irin ta lokacin yarintarsa, "Amma ki tambaye ta, Yaya. Kada ki ce ni na ce. Ki dai tambaye ta."

A filin jirgi bai shiga ciki ba. Ya ce ba ya son wurin. Ya sumbaci goshinta a bakin ƙofa, ya koma wurin bas.

Washegarin dawowarsu Khalida ta je Ka'akiyya da niyyar ta ɓoye komai. Ta kai wa Inna bargon ulu da kwalin biskit, ta zauna kusa da ita tana nuna mata hotuna a waya. Ga gadar, ga ƙofofin, ga zauren littattafai, ga teku. Inna ba ta damu da ko ɗaya ba, tana cewa wuce, wuce. Da suka zo kan hoton bakin kogi ta karɓi wayar ta kai kusa da idonta.

"Wane ne wanga tsoho kusa da ke?"



Inna ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa gilashin. "Mi ya same shi? Hwaɗa mini gaskiya, Khalida. Ban aike ki ki kawo mini bargo ba."

Ta faɗa mata. Ta faɗi zuwan Jidda, da haramin, da awa goma sha huɗu, da hanin da ba ya ƙarewa. Maganar giya kaɗai ta riƙe, ta ce dai ba shi da lafiya.

"Goma ga azumi," in ji Inna. "Ran da na kira shi ya ce shina wurin aiki."

"Eh."

"Na ji muryar mai sanarwa da Larabci bayanshi. Na ce ko talabijin ne." Ta ajiye wayar a kan tabarma. "Kunun gyaɗa na dama ran nan. Ya yi mini yawa, na zubar da saura."

Ba ta yi kuka ba. Khalida ta jira, sannan ta kawo maganar miƙa kai da gidan Sakkwato. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce a ba ta lokaci.

Kwana tara ta ɗauka. A cikinsu sau ɗaya ta sa Sa'ud ya ɗauke ta a mota zuwa maƙabartar da mijinta yake, ta tsaya daga wajen katanga ta yi addu'a. Sau ɗaya kuma ta fito da tsohuwar akwatinta ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta goge ta, ta fara jera zannuwa. Khalida ta gani, ta kira Sa'ud daga matakala ta ce ya fara tambayar yadda ake miƙa kai. Amma da ta dawo bayan kwana biyu, akwatin ta koma ƙarƙashin gado.

Ranar ta tara Inna ta ce a kira mata Mahadi. Khalida ta buɗe muryar wayar ta ajiye a tsakaninsu.

"Mahadi."

"Na'am, Inna."

"An hwaɗa mini ka zo."

Inna ta matso kusa da wayar.

"Na ɗauko akwati, Allah shina gani. Na kasa. Shekara arba'in da shida ina roƙon Allah ya kashe ni garin ga, in na tahi yanzu ban san abin da na zauna yi ba. Tsoro nika ji, ɗana. Ba ni da wata hujja. Ka yahe mini."

Aka ji numfashinsa a wayar. Sai ya yi dariya, irin wadda ya yi a falon otal.

"Haba Inna, wane irin yafiya? Kin yi daidai. Ni ma da ni ne haka zan yi. Wa zai bar Makka? Ki zauna abinki, ki riƙa yi mini addu'a a kusa." Ya ce ana kiransa a kicin, zai kira ranar Juma'a.

Ya kira Juma'ar, minti uku. Ta gaba bai kira ba, ya turo saƙon murya. Daga nan sai wata-wata, daga baya sai Khalida ta kira sau biyar kafin ya ɗauka sau ɗaya, wani lokaci harshensa a nauyaye har sai ta fita matakala don kada Inna ta ji. Azumi ya zo ya wuce, ba wanda ya yi maganar umra. Bayan babbar salla lambar ta daina shiga gaba ɗaya.

Sa'ud ya nemo lambar gidan mai koren fenti, ya kira daga ofis. Nora ce ta ɗauka. Ta ce Madi ya bar aiki sati bakwai da suka wuce. Ya kwanta asibiti kwana goma, da aka sallame shi ya zo ya kwashe kayansa, ya ce zai koma wani gari a yammacin ƙasar. Bai faɗi sunan garin ba. Ta ce ta tambayi duk wanda ya san shi, kuma idan ta ji wani abu za ta kira. Sa'ud ya bar mata lambobi biyu.

Khalida ta je Ka'akiyya da yamma ranar. Zafin garin bai sauka ba, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙara ba ta yin komai. Inna tana zaune da tire a cinya tana tsintar shinkafa. Ta rame a 'yan watannin nan, zoben azurfarta ya koma babban yatsa.

Khalida ta cire abaya ta rataye, ta zauna. Tun a mota ta shirya abin da za ta ce.

"Inna, mun samu wurin aikinsu. Sun ce an canja masa gari ne, wai can babu sabis sosai. Ya ce a gai..."

"Kada ki fara," in ji Inna, ba tare da ta ɗago ba.

Khalida ta haɗiye sauran. Inna ta matsar da tiren ya koma tsakaninsu, ta ware mata rabi da gefen hannu. Suka ci gaba da tsinta, su biyu, har aka kira magariba.